Tafkin da Kaka Fanne Ta Shanye

"...da sauƙi, alhamdulillahi. Kai ya ka tashi, mijin banza?" in ji Kaka Fanne.

"Lafiya lau, amarya. Yau har da tsayuwa ba sanda?" in ji jikanta Hammawa.

A gidanmu na Bolewa ne, daminar 1994. Yayana Hammawa, mai karatun zane a Zariya, yana hutu. Malaminsu ya nuna musu yadda mutanen Sin ke zane da baƙar tawada, ba mutum ba dabba, layi kaɗan, sauran fili a bar shi fari. Shi ne ya haɗa tawada irin ta malamai, gawayi da ƙaro, ya yi nasa a kan faffaɗan allo. Ranar Asabar za a kai shi baje koli Kaduna. Ya jingina shi a ɗakin kakarmu Fanne don yara ba sa shiga can.

"Ina allona?" in ji Hammawa.

"Yana bayan randa. Allah Ya saka wa malamin da ya rubuta, gwiwata ta saki."

Ya jawo allon. Fes, kamar yau kafinta ya gama fere shi.

"Kaka, me kika yi?"

"Abin da ake yi da rubutu mana. Na wanke na sha, ragowar na shafa."

"Wace aya kika gani a ciki?"

"Ni karatu na iya? Na ga baƙi a allo, ga wata doguwar lanƙwasa. Na ce yau Bafulatani ya yi hankali, ya tuna da matarsa."

"Babarbariya ke nan, a ba ki ajiya ki kai ciki. Da takalmina na bari da kin kaɗa shi a miyar kuka."

"Da ya fi ka amfani. An tura ka boko ka dawo likita, ka dawo mana da tonon kaji a katako."

"Tonon kajin dai kika sha har kina sa albarka."

"To ba na warke ba? Kai ne ka yi laifi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, mai allo a ɗakin tsohuwa ba ya yin shiru."

Hammawa ya zauna a bakin gadonta, allon a cinya.

"Tafkin bayan Mamudo ne, Kaka. Inda marigayi mijinki, Baffa Bubayaro, ke shayar da shanu, kafin ya ƙafe a nome wurin. Lanƙwasar nan gaɓa ce. Ɗige-ɗigen sawun shanu. Farin da na bari shi ne ruwan."

Kaka ta matso kusa. Ta daɗe tana kallon katakon.

"A bakin tafkin nan ya fara yi min magana," ta ce. "Ka sake wani."

"Ba ya sakuwa. Ja ɗaya ake yi, hannu bai tsaya ba. Duk hutun nan nake gwadawa, wannan kaɗai ya fito. Kadunar ma ta wuce ni."

"Da ka faɗa min. Ko kallon kirki ban yi masa ba, ruwa kawai na zuba."

"Da na sani ƙeya ce, amarya."

"Kada ka yi min karin magana a ɗakina, ɗan mai bin wutsiyar saniya."

Ta janyo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ciro farin alawayyo a ninke. Duk gidan mun san likkafaninta ne ta ajiye.

"Yagi rabi."

"Haba Kaka, wannan ai..."

"Ni gajera ce, rabi ya ishe ni. Kuma tsumma dai ba wanda zai wanke ya sha."

Hammawa ya yi dariya.

"Kin ci ni, tsohuwa. Amma wannan karon ki zauna kusa da ni, ki gaya min ta ina shanun ke gangarowa."

"Ta gabas, sakarai," ta ce, tana goge ido da gefen zane. "Farar saniyar ce kullum a gaba."