Ƙofar San Mamuda

A unguwarmu in ana maganar cika baki, Mamuda ake nufi. Ka ce ka ga kifi, shi ya ga wanda ya haɗiye kwalekwale. Ni dai ina son mutumin, don majalisar da babu shi lami ce.

Wata shekara maƙwabcinsa Alhaji Ilu ya turke san layya a ƙofar gida, rusheshe, yara na zuwa kallo. Abin ya tsaya wa Mamuda a wuya. Ya buga ƙirji ya ce ai nasa san yana ciki a turke, na Ilu in ya tsaya kusa da shi sai a ce ɗansa ne. Alhali wani ɗan maraƙi ya sayo, ƙashi da fata, ya shigo da shi a ɓoye ya ɗaure a bayan gida.

Sallah na matsowa, dole a fito da sa a gani. To, lokacin ana gyaran gidan, an zo kan ƙofar da ta raba tsakar gida da bayan gida. Nan dabara ta faɗo masa.

Ɗanlami magini ya ce, "Maigida, faɗin nawa za a bari?"

"Daidai kafaɗata."

Matarsa Tabawa ta leƙo. "Malam, ni da ke wucewa da kwanon wanki fa?"

"Ki karkata shi. Haka ake yi yanzu a manyan gidaje."

Ya toshe bakin magini da goro, aka ɗora bulo. Ƙofa ta fito siririya, kowa sai ya gicciya yake wucewa.

Da yamma ya iso majalisa yana dafe da kai.

"Jama'a, na shiga uku! Magini ya cuce ni. Ya tsuke ƙofa, sa yana ciki. Ƙaho ɗaya ma ba zai wuce ba, balle tozo. Sai dai a yanka shi a can, ku ga nama."

Aka yi ta jajanta masa, shi kuwa har da ƙari. Wai in san ya yi atishawa kwanon rufi sai ya motsa.

Abin da bai lissafa ba, mutanen unguwarmu akwai zumunci. Ranar jajibiri da hantsi sai ga majalisa kaf a zaurensa, har da Alhaji Ilu, an riƙo guduma da diga.

Liman ya ce, "Ba ma bari a yanka irin wannan dabba a lungu kamar ta sata. Mu fasa, bayan Sallah mu gina maka."

Gumi ya karyo wa Mamuda. "Haba Malam, ku bar wahalar da kanku!"

"Ai maƙwabci ɗan'uwa ne."

"Mugu ne fa! Yana tunkuyi!"

"Mun zo da igiya."

"Akwai mata a ciki!"

Daga ɗaki Tabawa ta ɗaga murya. "Ku shigo, Malam Liman, na kauce!"

Allah ya saka wa Tabawa. Aka shiga, aka ja daga, masu igiya suka gyara tsayuwa, masu tsoro suka laɓe bayan randa. Wani ƙato ya ɗaga guduma. Tim!

Ƙarar ta firgita abin da ke ciki. Sai kiɗiɗiɗi, ga maraƙi ya ɓullo ta ƙofar nan a guje, akuyar Tabawa na gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ko bango ba su goga ba. Suka tsaya tsakar gida suna haki.

Mai guduma ya sauke ta a hankali.

Alhaji Ilu ya gyara tabarau, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce:

"Mamuda, don Allah fitar da mu duhu. Wanne ne san a ciki?"