Oma Ba Ta Son Tayar Hunturu

"To ina kwanan naki ya maƙale? Tun ƙarfe goma nake gaishe ki."

"Na amsa a zuci. Matsa, ka tare mini taya."

"Gefenta fa nake."

"Inuwarka ma ta yi mata nauyi. Ƙarfe nawa?"

"Da saura."

"Ban tambaye ka saura ba, ja'iri."

"Sha ɗaya da ashirin."

Asabar ce ta watan Fabrairu, a gidan sayar da motocin gudu da ke bayan garin Göppingen. Irmtraud Hägele, mai shekara saba'in da tara, ta yi shekara talatin da takwas tana ɗinka fatar kujerun irin waɗannan motoci, ba ta taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Yau saye ta zo yi. Da sha biyun rana ake rufe rajistar motocin da masana'anta za ta haɗa kafin bikin Ista, wanda ya makara sai Nuwamba. Jikanta Thilo, ma'aikacin duba lafiyar motoci, mai kiran ta Oma, wato kaka, shi ya rako ta, da umarnin uwarsa a waya: ka ja ta da surutu har lokaci ya wuce.

Mota uku ne jere, jiki ɗaya, inji kusan ɗaya. A ƙafa suka bambanta.

"Mu fara da ƙaramar, Oma," in ji Thilo. "A tsanake. Rim inci goma sha tara, taya mai kauri, birki baƙi. Ko rami kika faɗa, haƙoranki ba za su zubo ba."

"Haƙorana sun fi naka tsada. Wannan ai takalmin asibiti ne. Irin motar da za ka saya ke nan in ka girma."

"Shekarata talatin da biyu."

"Da keke kake zuwa aiki. Mutum yana wuni ƙarƙashin motocin mutane da tocila, ya fito ya hau keke! Kakanka da yana raye da ya canja maka suna."

"Kakana da yana raye da ya ɓoye miki makulli. Shi ya gaya mini ranar da kika koyi tuƙi, kaji uku suka yi ƙaura daga unguwar."

"Ƙarya kake. Biyu ne, kuma ɗaya dama ba ta da lafiya. Wuce mu ga waccan mai ruwan ɗorawa."

Ta doshi ta ƙarshe, sandarta na ƙwas ƙwas a kan tayil. Thilo ya bi ta, wayarsa na zillo a aljihu.

"Wannan ba ajinki ba ce, 'yan mata. Inci ashirin da ɗaya. Dubi tayar baya, faɗinta ya fi farantin da kike yanka taliya. Zanenta ma ɗan kaɗan ne, don filin tsere aka yi ta. Yayyafi ɗaya, sai dai mu tsince ki a gonar inabi."

"Sai ku tsince ni da wuri, ban son sanyi. Birkin fa, me ya sa ya yi launin ƙwai?"

"Na tangaran ne."

"Tangaran? Irin na kofin shayina?"

"Ƙanensa. Ba ya zubar da baƙar ƙura a rim, amma in bai ɗauki zafi ba, ƙara yake kamar ana yanka alade. Ki shigo layinku da shi ranar Lahadi, maƙwabciyarki Frau Kübler ta leƙo ta taga."

"Ta leƙo! Shekara arba'in tana leƙe ba ta ga abin kirki ba. Ƙarfe nawa?"

"Agogona ya tsaya."

"Na bangon can ma ya tsaya? Sha biyu saura ashirin da biyar. Wa ke ta kiranka?"

"Budurwata."

"Wace marar rabon? Gaishe da uwarka."

Thilo ya yi tari. Ya durƙusa gaban tayar, ya ƙwanƙwasa tsakiyarta.

"Ga babbar matsalar. Noti ɗaya tal, kamar kan tukunya. Sifanar kwance shi ta fi ki tsawo. Ke da ba ki taɓa biyan wani ya canja miki taya ba, yaya za ki yi?"

"In rataya a jikinta."

"Nauyinki bai kai ba. Sai an ɗaura miki buhun dankali."

"Sai in ɗaura ka, ai duk ɗaya ne."

Duk da haka ta kalli notin nan kamar ya zage ta. Sai ta juya ga ta tsakiya, mai inci ashirin, noti biyar, birki ja. Kafin Thilo ya miƙe ta buɗe ƙofa, ta jingine sanda, ta sulale cikin kujera da wani nishi. Ta taka birki sau biyu. Ta bi ɗinkin fatar da babban yatsa.

"Hannun inji ne," ta ce. "Amma ba laifi."

Herr Bäuerle, mai sayar da motocin, wanda ya daɗe yana shawagi da takardu, ya matso yana duban agogo.

"Frau Hägele, saura kwata. In wannan ce, sai mu haɗa da tayoyin hunturu guda huɗu ko?"

"A'a."

Thilo ya tafa hannu. Abin da yake nema ya samu, gardamar da za ta ci kwata guda. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san daga O zuwa O ne, Oktoba zuwa Ostern, wato Ista, tayar hunturu ke kan mota.

"Oma! Ke da kika hana ni miyar Lahadi saboda na kai biyu ga Oktoba da tayar bazara a motar uwata? Rowar ta kai nan? Ranar da kika kawo mini ita dubawa, da jan biro zan tarbe ki."

"Ba zan kawo ba."

"Ƙanƙara za ta sauka, ki zame tun daga ƙofar gida har garin Ulm."

"Na ce ba na buƙata. Tawa O ɗin a juye take, daga Ista zuwa Oktoba."

"Daga nan fa?"

"Ran tara ga Oktoba zan cika tamanin. Ran goma zan kai lasisina ofishin gari da ƙafata, su ba ni katin bas. Na riga na cike takardar." Ba ta dube shi ba, sitiyari take shafawa. "Da dare fitilu sun fara rabe mini biyu. Ba zan jira uwarka ta ƙwace ba, ni zan miƙa. Bazara ɗaya nake so, Thilo. In aka ce Nuwamba, sai dai in kalle ta ta taga kamar Frau Kübler."

Wayar ta sake zillo. Thilo ya ciro ta, ya kalla, ya kashe ta ɗungurum. Ya goge hanci da bayan hannu, sai kuma dariya ta ƙwace masa.

"Tsohuwar nan kin cuce ni. Yau ba ni da abinci a gidan uwata."

"Dama girkinta ba gishiri."

"Herr Bäuerle, ba mu mai birki ja ɗin. Ban da tayar hunturu. Amma ki sani, duk inda za ki, ina kujerar gefe."

"Da hular keken taka?"

"Guda biyu zan sa."

Herr Bäuerle ya ce saura minti shida, a zo ofis a sa hannu. Oma ta dafa ƙofa ta yunƙura. Ta koma. Ta sake yunƙurawa, kujerar da ke dab da ƙasa ta riƙe ta gam. Thilo ya karɓi takardun ya ɗora mata a kan sitiyari. Ta sa hannu wuri uku, Herr Bäuerle ya sure su ya ruga ofis har takalminsa na santsi.

Ta bi shi da ido sai da ya shige, sannan ta miƙo hannu biyu sama, ta rage murya.

"To malam sufeto, daina washe baki. Zo ka ciro ni daga ramin nan kafin mutumin ya dawo."