Minti Uku Daga Galaxidi Zuwa Aigio

"Minti uku," in ji Kawu Lefteris, yana kaɗa mana wayarsa a fuska. "Ga shi a rubuce: nisa ta sama kilomita talatin, tafiyar jirgi minti uku. Ku je ku yi ta zagayen gada kamar jakunan zaitun."

Ka san Kawuna kuwa? Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin sama, tun daga ranar ko tsallaka titi zai yi sai ya dubi gajimare.

Shi aka zaɓa uban baftismar jaririn ƴar'uwata a Aigio, garin da muke hango fitilunsa a ƙetaren ruwa. Shi zai shafa wa yaro mai, shi zai faɗi sunansa a gaban Fada a coci, ƙarfe sha ɗaya. In bai zo ba, Makis mai gidan burodi zai karɓa, mutumin da Kawu ke kira Tulun Ƙullu.

Muka kama hanya da sassafe. Shi kuwa sai da ya sha kofi biyu, ya murɗe gashin baki, sannan ya kira tasi.

"Filin jirgi, Babis."

"Wanne, Kyaftin?"

"Na garin nan mana."

"Mu dai filin ƙwallo gare mu, shi ma awaki ne a ciki."

"To, mafi girma."

Babis bai yi musu ba, ya ɗauke shi sai Atina, babban birni. Awa uku, Aigio tana ta ƙanƙancewa a bayansu.

Babis ne ya ba ni sauran labarin, ni kuma na haddace har da muryar. Kawu ya dafa teburin mai sayar da tikiti.

"Aigio, ƴata. Kujerar taga."

"Babu jirgin Aigio, Baba."

"Duba da kyau. Minti uku ne."

Ta karɓi wayar, ta karanta, ta miƙo masa a hankali kamar mai ba maras lafiya magani. "Wannan awon tsuntsu ne. Su ma filin jirgi gare su?"

"Ina zan sani? Ni fasinja ne."

Da la'asar sakaliya ya iso a motar haya, kwat ta yamutse, kyandir ɗin baftisma ya lanƙwashe a hammatarsa saboda zafi. An shafa mai, an faɗi suna, an cinye ragon har ƙashi. Ga Tulun Ƙullu a kujerar girma, jariri na barci a kan tumbinsa.

Kawu ya gyara murya. "Iska ce ta juya mana. Matuƙin ya ce…"

Kaka Froso, surukar ƴar'uwata, ta jawo masa kujera.

"Zauna, Lefteris, ka zo da wuri. Ƙanwar mai jegon na da cikin wata biyu. Kada ka motsa daga nan, ko Allah zai sa ka samu baftismar wancan."