Alhaji a Hanyar Khawaja

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Usman ba. Na so in manta, 'yan kasuwar Bab Makka ta Jidda ne suka hana.

A lokacin yadi nake sayarwa a can, kuma Allah ya buɗa mini. Ta Sudan na shigo ƙasar nan ina saurayi, na yi dako, na yi tallan carbi, har na kai ga shagon kaina. Ba a cutata a ciniki. In na shafa yadi sau ɗaya na san ko zai zuba. Sai aka wayi gari duk wanda ya ɗan ji ɗumi a aljihu a Jidda ya sayi mota. Ni ma na je na sayo wata zungureriya 'yar Amurka, ruwan madara, wadda sai na yi gaba da baya sau huɗu kafin ta shiga lungunmu na Ammariyya.

Maiɗakina ta leƙo ta dube ta, ta ce, "Alhaji, daga nan zuwa shago fa ko shayi ba ya hucewa. Ina za ka da wannan jirgin ruwa?"

Na ce, "Ke ba ki san zamani ba."

(Gaskiyarta. Neman wurin ajiye motar kaɗai ya fi tafiyar ƙafar tsawo. Amma wa zai faɗa wa mai sabuwar mota?)

Gidan su amarya a Makka yake. Ubanta mutum ne mai tsauri, da ƙyar ya yarda ya ba Usman, don akwai wani mai nema da ya fi kwanta masa. Ya ce bayan la'asar za a ɗaura, kuma shi ba ya jiran kowa. Wakilin ango shi ne Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, dattijo mai koyar da karatu a unguwar Karantina. In babu shi babu aure.

Da aka yi azahar, 'yan'uwa suka cika wata tsohuwar bas ta haya. Na ce su bar mini Baffa su yi gaba. Na zauna na ƙara shan shayi da gangan, don kawai in cim musu a hanya su ga ƙurata. Ina cikin masu cewa gudun da aka ƙayyade a hanyar Makka na jakuna ne: a shimfiɗa kwalta kamar darduma, sannan a ce ka yi rarrafe?

Baffa ya zauna a baya da rawaninsa da sandarsa. Muna fita gari na taka.

"Ɗana, a hankali."

"Baffa, doka ɗaya ce a motar nan. Ba a yi wa direba magana."

Ya koma jan carbinsa. Can na hango bas ɗin tana hayaƙi. Na danna oda, na ɗaga musu hannu kamar mai raba Fatiha, na wuce.

Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu. Ɗaya cike da motoci suna tafiyar hawainiya, ɗaya kuwa fayau. Akwai wani ƙaton allo a wurin, amma da irin gudun da nake yi launinsa kawai na gani. (Shekara ashirin ina bin hanyar nan a kujerar baya ina gyangyaɗi, ban taɓa ɗaga kai na ga abin da direba ke yi ba.) Na ce a raina, dubi wawaye, sun cunkushe wuri ɗaya ga hanya tana kuka. Na karya kan mota.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ɗana..."

"Baffa, mun yi magana fa."

"To. Halas, shi ke nan."

Muka yi ta zuba gudu. Duwatsun da nake gani ban san su ba, amma na ce ai da barci nake yi. Muka wuce wani jan Bature a motarsa, ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ce ka ga wanda ya san mota.

Askari ne, wato ɗan sandan hanya, ya tsayar da ni, saboda gudu. Ya karɓi iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ya karanta, ya dubi gemuna, ya leƙa ya dubi rawanin Baffa.

"Inta Muslim?"

Ni ake tambaya ko Musulmi ne! Ni da na yi hajji bakwai! Na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi.

Ya ce, "To me kake yi a hanyar khawaja?"

Khawaja shi ne Nasara a bakin mutanen nan. Hanya ce da aka yi wa waɗanda ba a yarda su shiga Makka ba, ta kewaye garin ta nufi Ɗa'if. Abin da allon ya ce ke nan, da manyan baƙaƙe.

Askarin ya sunkuya wajen Baffa. "Ya ammi, kai ma ba ka karanta ba?"

Baffa ya ce, "Na karanta, ya waladi. An hana ni magana ne."

Askari ya yi dariya har ya dafa motar, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya zo ya sha labari. Suka tsare mu, suka yi mini wa'azin gudu da Larabci mai zafi, sannan suka ce yalla, in juya, in kuma tafi sannu.

Dab da magariba muka isa. Rabin jama'a sun watse. Usman yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa jajir, ko kallona bai yi ba. Uban yarinya yana zaune a kan darduma ya haɗe rai.

"Malam Idi, haka ake yi a gidanku? Tun yanzu?"

Na buɗe baki zan ce taya ce ta fashe. Baffa ya riga ni. Ya kwashe labarin kaf ya faɗa, har da Baturen da ya ɗaga mini hannu, har da yadda na ce alhamdu lillahi. Bai rage mini ko ƙwaya ba. Mutumin nan da aka ce ba ya dariya ya dara har yana share hawaye da bakin rawani.

Ya ce, "Za a ɗaura, albarkacin wannan dattijo. Amma da sharaɗi: 'yata ba za ta shiga motar Khawaja ba."

Aka ɗaura bayan magariba. A motar haya aka kai amarya Jidda, tawa tana biye a baya, ni kaɗai a ciki da akwatunanta. Kafin in buɗe shago washegari sunan ya riga ni isa kasuwa. Har yau alhazai kan sauka daga Kano suna tambayar shagon Alhaji Khawaja, su gaishe ni da shi cikin ladabi, sun ɗauka sunan gidanmu ne.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna: in dattijo ya yi gyaran murya a bayan mota, ka ɗaga ƙafa ka saurara. Gudu kam na yi shi ranar, ba wanda zai ƙwace mini wannan. Ban dai taɓa jin Musulmin da ya yi nesa da Makka cikin sauri irin nawa ba.