Yadda Za Ka Sayar da Kakarka ga Mutum Uku

Ɗan'uwa mai sana'ar ba da shawara, kai da ba ka da ofis sai teburin gidan gahawa, matso kusa. In ka bi waɗannan matakai, tabbas za ka sayar da basira ɗaya sau uku, kowane kwastoma yana bugun ƙirji cewa tasa ce shi kaɗai. An gwada hanyar a nan garin Leskovac a kan Vukashin, gwanin tallata kaya, wanda ke zaune a gidan kakarsa Jagoda yana cin girkinta. Ɗakin nan da tukunyar nan su ne duk gatansa a duniya, kuma yana lallaɓa su.

1. Nemo basirar a cikin gida

Kada ka wahalar da ƙwaƙwalwarka, za ka buƙace ta wajen ƙarya. Lokacin gasa tattasai ya zo, hayaƙi ya cika unguwanni, masu ƙananan masana'antun aivar, wato niƙaƙƙen gasasshen tattasai da ake shafawa a burodi, suna neman hoton da za su manna a kwalba. Vukashin ya ɗaga kai ya ga hoton kakarsa a kan kabad, da ɗankwali, tana dariya har kumatu sun rufe ido. Marigayi mijinta Milorad ne ya ɗauka. Hoton nan ta ware don dutsen kabarinta, wanda tuni aka sassaƙa kusa da na mijin, saura hoto da shekarar rasuwa. Vukashin ya sauko da hoton, ya goge ƙura, ya kwafe shi da kyamarar waya, ya mayar. Kada ka nemi izini, izini yana jawo tambayoyi.

2. Sa hannu, kada ka karanta

Kwastoman farko Budimir ne, mai lauya da tumbi. Takardarsa ta ce duk abin da mai shawara ya kawo ya zama mallakin kamfani har abada. Matsorata za su ce ka rubuta cewa aro ka bayar, ka kuma ware abin da kake da shi tun kafin aikin. Rabu da su, karatu a gaban kwastoma yana rage kwarjini. Vukashin ya rattaba hannu, aka raɗa wa hoton suna Kaka Stana.

3. Sauya suna, bar fuska

Wajen Zorka, mai masana'anta a bayan tasha, ya juya hoton ya kalli hagu, ya zama Kaka Milka. Zorka ta ƙura masa ido.

"Ka tabbata ba kowa ke da irin wannan tsohuwar ba?"

"Uwargida, wallahi kakata guda ce a duniya."

Ka lura, bai yi ƙarya ba. Ƙwararre yana ajiye ƙarya sai ranar da babu makawa.

4. Duk abin da kwastoma ya ce, ce masa to

Na uku, Dragoslav, mutum ne mai dabara, kuma masu dabara ne ke kashe mu a sana'ar nan.

"Tsohuwa mai rai ba ta sayar da kaya," in ji shi. "Mutane sun fi yarda da girkin mamaci. A rubuta marigayiya, a zagaye hoton da baƙin layi."

Vukashin ya so ya ƙi, don yana son kakarsa tsakani da Allah. Amma an riga an kawo gasasshen nama da albasa, kuma ba a gardama da mai biyan kuɗin abinci.

5. In asiri ya fara tonuwa, shige banɗaki

Ranar Lahadi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Slavka ce, tsohuwar maƙwabciya da ta koma wata unguwa, cikin baƙaƙen kaya, da kyandir da furanni huɗu, adadin da a nan mamaci kaɗai ake kai wa. Jagoda ta buɗe da ludayi a hannu. Slavka ta dafa bango.

"Maƙwabciya, ashe ba ki mutu ba?"

"Da na mutu ai ke zan fara gaya wa. Furanni huɗu kuma na waye? Gidana ya yi miki kama da maƙabarta?"

Slavka ta zaro kwalbar Dragoslav mai baƙin layi daga jaka. Jagoda ta sa tabarau, ta karanta a hankali har ƙasa, har da inda aka ce a ajiye ta a wuri mai sanyi. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Vukashin, fito daga banɗakin nan."

A nan ka buɗe famfo, yana ƙara maka ɗan lokaci.

6. Bar manya su tattauna

Jagoda ta riƙe hannun rigarsa har ofishin Budimir, ta sa aka kira sauran biyun. Kowa ya zaro takardarsa, kowa ya ajiye kwalbarsa a tebur. Zorka ta ce tata ce ta gaskiya tunda hagu take kallo. Dragoslav ya ce shi ne ya fi asara, tunda marigayiyarsa ga ta nan tana numfashi. Lauyan Budimir ya san sarai wanda bai mallaki abu ba ba ya sayar da shi, amma ya san kuma shari'a tana iya daɗewa fiye da tsohuwa.

"Iya, a takarda hoton nan namu ne," in ji lauyan.

"A kan kabarina zan sa shi."

"Ba damuwa, iya. A dai rubuta sunan kamfaninmu a ƙasa, da ƙananan haruffa."

Vukashin ya buɗe baki zai ba da shawara, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Ta ɗauki kwalbar Budimir ta daɗe tana kallo.

"Ku riƙe abinku," in ji ta. "Ko kun ba ni, me zan yi da shi? Duk wanda ya zo kabarina yanzu yunwa zai ji. Milorad nake wa dariyar nan ranar, ba ku ba."

 Vukashin ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma wannan kuskure ne da ƙwararre zai guje wa.

7. Karɓi akwatinka da mutunci

Ita da kanta ta ninke masa kaya, har da safa, ta ajiye akwatin a bakin ƙofa.

"Kaka, to ina zan riƙa cin abinci?"

"Kana da kakanni uku, ɗan nan. Je ka wajensu."

Ta rufe ƙofa a hankali, ta murza makulli.

Gargaɗi: Mai wannan jagora ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Ba ya zuwa kotu, ba ya shiga tsakanin jika da kaka, kuma babu wurin kwana a gidansa. Mai ƙorafi ya nemi Vukashin a ɗakin da ya kama bayan tasha. Da rana tsaka za a same shi yana shafa aivar a burodi, bayan ya juya fuskar kwalbar ta kalli bango.