Yadda Za Ki Haɗa Man Santsi Mai Ƙyallin Lu'ulu'u a Damargu

Ƴar'uwa, bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ki tabbacin sunanki zai zaga daga Tanut har Belbeji. An gwada hanyar. Raishatu ce ta gwada, wadda ƙungiyar matan unguwarsu ta tura Damagaram koyon haɗa man shafawa, bisa alkawarin in man nata ya gamsar da shugaba, Hajiya Jamila, a miƙa mata makullin shagon ƙungiya na bakin kasuwa. Shekara biyu tana mafarkin makullin nan.

1. Je horon, amma kada ki wahalar da kunne

Zauna layin baya, kusa da fanka. Raishatu ta dawo da takardar shaida, da hotonta da malama, da ƙullin farin gari mai ƙyalli. Awon da ake zubawa kuwa ta baro shi a jikin allo. Masu rubuta awo ba su yarda da basirarsu ba ne.

2. Nemo santsi

Malama ta ambaci wani sinadari mai dogon suna. Manta da shi. Jiƙa karkashi, ki tace, ki kaɗa har ya riƙa bin muciya. In kin ɗaga ya tsinke, ƙara. Raishatu ta ƙara sau huɗu, har sai da bokitin ya suɓuce mata, sannan hankalinta ya kwanta.

3. Zuba ƙyalli

Wai ƙaramin cokali ake sa wa bokiti guda. Wannan rowa ce. Sa ludayi, ki juya, ki ɗura a kwalabe, ki rubuta "Sirrin Amarya". Duk wadda ta tambaya, ce mata ƙyallin lu'ulu'u ne. Duk Damargu ba mai lu'ulu'u a ɗaka, balle ta ɗauko a gwada.

4. Gwada a fuskar wadda ba za ta kai ki ƙara ba

Raishatu ta aika wa yayarta Sakinatu, da ke aure a Tenhiya. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara.

"Ke Raishatu, jarkar ruwa guda na ƙarar a fuskata, har yanzu hannuna zamewa yake. Kin san nisan rijiyarmu kuwa?"

"Yaya, ai alamar mai kyau ke nan."

"To na wurga mai kyan naki bayan turken shanu."

Kada ki karaya. Dangi ba su iya yabo ba.

5. Ranar kasuwa, fara da babba

Shimfiɗa sabon zane a tebur, ki jera kwalabe inda rana za ta haska su. Raishatu ta yi haka. Hajiya Jamila ta iso da mata kusan ashirin, makulli ɗaure a bakin mayafinta. Ta laƙato, ta sunsuna, ta shafa a kumatu biyu, ta dubi madubi ta daɗe.

"Kai, ƴar nan, ba laifi," ta ce, ta fara kwance ƙullin mayafi.

6. Karɓi yabo daga duk inda ya fito

Daidai nan Hamidu, mijin Sakinatu, ya kutso daga kasuwar dabbobi da makiyaya uku a bayansa. Mutum ne da bai iya magana ƙasa-ƙasa ba.

"Ga ta nan! Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka! Jiya saniyata tun hantsi take naƙuda, maraƙi ya ƙi fitowa, har na wasa wuƙa. Sai na tsinci kwalbar nan. Na shafa tun daga yatsu har kafaɗa, na zura hannu, sai ga shi sulub! Kuma wallahi da ya faɗo walƙiya yake, uwar ma sai da ta ja da baya."

"Yaya Hamidu, don Allah..."

"Kunyar me? Ga su nan, kowa kwalba biyar yake so, shi wannan taguwa gare shi, raƙumar ta kusa haihuwa." Sai ya hangi kumatun Hajiya suna sheƙi, ya washe baki. "Hajiya, barka da kasuwa. Ashe ke ma kin san shi. Taki saniyar ta sauka lafiya?"

Hajiya Jamila ta mayar da ƙullin mayafinta, ta ƙara masa wani a kai. Ta nemi ruwa, aka kawo buta, ta wanke, ta wanke, kumatu suka ƙara haske. Kafin azahar ko kwalba ɗaya ba ta rage ba, kuma ba mace ko ɗaya cikin masu sayen.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ta san karkashi ba sai a miya. Fuskar da ta ƙi wankuwa, da jarkar da ta ƙare, da zumuncin da ya yi tsami, duk a wuyanki suke. Wanda dabbarsa ke naƙuda kuma kada ya buga mini ƙofa. Ya tambayi gidan Raishatu, a Tanut kowa ya san shi.