Ranar da Kansila Ta Kayar da Mai Agogo

"Lafiya lau, madalla, ya aiki, ya mutanen... Au! Ke ce? Maido mini da gaisuwata, na ɗauka mutum ne."

Haka abokina Mai Agogo, Allah ya kai haske kabarinsa, ya tarbi jikarsa a safiyar da majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna kan kasafin kuɗin shekara. Jikar tasa kansila ce, sabuwa fil, kuma ita za ta tashi gaban jama'a ta nemi a ƙara harajin shaguna don a gina magudanar ruwa a layin kasuwa. Su kuwa masu shaguna da suka tashi neman wanda zai yi magana da yawunsu ya ce ba su yarda ba, sai suka zaɓi kakanta. Abin da ya hana ta sukuni ke nan. In tsohon da ya rene ta ya ƙaryata ta a bainar jama'a, wa zai ƙara sauraronta?

Ta tarar da shi a shagonsa ya liƙa ɗan madubin aikinsa a ido ɗaya, yana tonon cikin wani agogo. Ta ajiye masa kwalbar maganin tari a kan tebur.

"Ga saƙonka, Tsoho. Sai da na zaga shago uku."

"Jama'a ku zo ku gani, cin hanci da rana tsaka! To ba zan sha ba. Wa ya sani ko na barci kika zuba, in farka in tarar kin sa wa gemuna haraji."

"Gemun naka guda nawa ne? Ai ko akuya ta fi ka abin biya."

"Ki ji marar kunya. Ni fa sakinki zan yi. Ina aka taɓa ganin amaryar da ke tatsar mijinta?"

"Ka sake ni mana, mu ga mai kwasa. Miji duk agogo a bango, amma kullum a makare."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ta tsaya tana kallon kafaɗunsa, yadda riga ta fara yi masa yawa. Ta sassauta murya.

"Kaka, don Allah ka zauna a gida yau. Ka ce musu ba ka jin daɗi."

"In zauna? Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Shayinsu na sha, alkawari na ɗauka. Ke dai faɗa mini abin da za ki ce, in ji ko zan sha wahala."

Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa kamar yadda ta yi ta gwadawa gaban madubi.

"Bisa la'akari da buƙatar inganta ababen more rayuwa, tare da faɗaɗa hanyoyin samun kuɗin shiga..."

Ya kifa kai a kan tebur, ya shiga minshari.

"Kaka!"

"Na'am? An gama? Wallahi ba ki buƙatar sa mini magani, bakinki ya isa. Ababen more rayuwa! Ke tela zai ce miki kasuwa ta mutu. Me za ki ce?"

"Zan ce ƙarin kaɗan ne."

"Kaɗan a bakin mai albashi. Mai kayan miya za ta ce an karɓi na bara, ina ya shiga?"

"Ba ni na karɓa ba."

"Kujerar da kike kai ita ta karɓa. Shugaban naku da ya hau mulki kamar tsinken tsire, yanzu sai an buɗe masa ƙofa biyu. Ko magudanar a cikinsa za a haƙa?"

"Ka ji tsoron Allah, Tsoho."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa ba na tsoronku. Mu dai a bar mu yadda muke. Ruwa ya zo, ruwa ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Nan ne abin ya zo mata wuya. Ta manta da haɓar da ta ɗaga, ta manta da manyan kalmomin.

"Mai ɗaki ya sani? To ni ma 'yar ɗakin ce! Wa ya zo ya same ka bara tsaye cikin ruwa har gwiwa, ka rungume agogunan mutane a ƙirji kamar jarirai? Tela keke biyu ya rasa. Mai kayan miya a kan titi ta tsince tumatirinta. Kuna cewa ba za ku biya haraji ba, alhali duk damina kuna biya, ruwa ne mai karɓa, kuma shi ba ya ba da rasit. Tarin nan naka a ina ka samo shi? Ni ba zan sake tsayawa a bakin gadon asibiti ina ƙirga numfashinka ba. In sun ci kuɗin, ga ni, ga gidanmu, kun san ƙofar. Ku zo ku kama ni!"

Agogunan bangon shagon na ta bugawa, kowane da nasa lokacin. Ita kanta ta tsorata da muryarta.

Mai Agogo ya daɗe yana kallonta. Wanda ya san shi ya san wannan kallon. Ba kowa yake yi wa ba, kuma har ya bar duniya bai iya ɓoye shi ba. Sai ya fashe da dariya, yana dukan tebur.

"Ruwa ba ya ba da rasit! Kai, wannan yarinya. To ina kika ɓoye wannan bakin kike ta yi mini karatun rediyo? Haka za ki faɗa musu, kada ki ƙara ko gishiri."

"Ke nan za ka zauna a gida?"

"Ina! Zan je, zan tashi, zan zage ku tas, daga shugaba har mai shara. Ke kuma ki tashi ki kayar da ni a can yadda kika kayar da ni a nan. In suka ga ba ki raga wa kakanki ba, za su yarda ba za ki raga wa ɗan kwangila ba."

Ya kwance agogon hannunsa, wanda ko wanka zai yi sai ya rataye shi inda zai riƙa ganinsa, ya kama hannunta ya ɗaura mata. Sai da ya huda sabon rami a maɗaurin kafin ya zauna.

"Na fasa sakin. Riƙe wannan, ki san lokacin yin shiru."

"Yana ma tafiya daidai kuwa?"

"Ya fi majalisarku. Ɗauko mini sandata, Kansila, ki riƙe ni mu tafi. In na faɗi a hanya, wa za ki kayar?"